Takalmin Da Na Ajiye A Ƙofar Masallaci

Godiya ta tabbata ga Allah da ya bar mini ƙafafuna biyu, ko da yake ɗaya ba ta koma yadda take ba. Sunana Isyaku, mutumin Bichi. Na daɗe a Riyad ina tuƙi a gidan wani Balarabe da ake kira Abu Nasir, a unguwar Nasim. Ban iya rubutun boko ba sai da furfura ta fito mini, kuma zaman da ƙafar nan ta jawo mini ne ya ba ni damar koyo. Abin da nake so ya isa kunnen 'yan'uwa shi ne yadda na yi da agarar ƙafata ta dama, don kada wani ya bi sawuna.

Aikina shi ne kai 'yan matan gidan makaranta da ɗauko su, da kai Hajiya, mahaifiyar Abu Nasir, asibiti da gidajen dangi. A lokacin mata ba sa tuƙi a ƙasar, saboda haka gidan da ba direba kamar gidan da ba ƙofa ne. Abu Nasir ne kafilina, wato mai ɗaukar nauyin zamana a ƙasar, igamata ta izinin zama da sunansa take, kuma da wannan sitiyari nake riƙe da iyalina a Bichi.

Ana saura wata ɗaya da 'yan kwanaki a kama azumi, motar wani direba ɗan Sudan ta mutu a ƙofar makarantar, ta tare hanya. Muka fito mu direbobi muka sa hannu. Na kafa ƙafar dama a baya, na yunƙura, sai na ji kamar an ɗauki gora an maka mini a bayan dunduniya. Har na waiwaya in ga wanda ya doke ni. Babu kowa. Na yi ƙoƙarin takawa, ƙafar ta ƙi turo ni gaba, sai jan ta nake yi kamar ba tawa ba. Abin mamaki, zafin bai kai yadda mutum zai zata ba, shi ya sa na ce targaɗe ne. Abu Nasir da aka kira ya zo ɗaukar yaran shi ya matsa sai mun je asibiti.

Mun wuni a layi. Aka duba, aka ɗauki hoto, aka ce mu koma wani layin. Likitan da ya gan ni daga ƙarshe ya kwantar da ni ruf da ciki, ya matsa naman sha-raɓata, ƙafar ba ta ko motsa ba. Ya ce jijiyar agara ce ta tsinke, sai an yi tiyata an ɗinke. Sai da na yi kusan mako ina jiran gado. Ba zan ɓoye ba, na ji haushin wannan jira, amma da aka tashi yi an yi aikin da kyau, kuma ma'aikatan ɗakin sun kula da ni kamar ɗan'uwansu. Aka sallame ni da ƙafa cikin siminti, wanda nan ake ce wa jibs, yatsuna na kallon ƙasa, da sanduna biyu a hammata.

Abu Nasir ya zo ɗakina na bakin get, ya tsaya daga ƙofa. Ya ce makaranta ta kusa hutu, zai yi ta fama da kai yaran da kansa, Hajiya kuma ƙanensa zai riƙa kai ta. Amma in aka koma makaranta bayan dogon hutu, dole gidan ya kasance da direba. Bai faɗi sauran ba, ni ma ban tambaya ba. Kowa a nan ya san abin da ke biyo bayan direban da ba ya tuƙi.

Shawarwari kuwa sun zo kamar ruwan Agusta. Matata Hajara ta kira ta ce kawunta ya ce in nemi maɗori, asibiti ba su san jijiya ba. Hajiya ta aiko da man zaitun da habbatus sauda, ta ce a ƙauyensu ƙarfe mai zafi ake ɗana wa irin wannan. Abokina Tanko, wanda yake tuƙi a unguwar ofisoshin jakadanci, ya ce akwai mai ƙaho a unguwar Jaradiya da ba ya kuskure. Duk na yi godiya, duk na ƙi. Ina jin kaina ni mai bin likita ne.

Tanko Bazazzagi ne, ni Bakano, saboda haka tun ranar da muka haɗu bakinmu bai huta ba. Duk Juma'a sai ya zo da tuwo daga gidan wata 'yar Zariya a Jaradiya, ya ajiye, ya ce, “Ci, Bakano. Na san ka karya ƙafar ne don ka ci abinci kyauta.” Shi ya riƙa kai ni asibiti in ya sami sarari, shi ya wanke mini kaya. Ina faɗin wannan tun yanzu don kada a ga laifinsa a abin da zai zo.

Da aka cire simintin, na ga ƙafata na tsorata. Sha-raɓar ta tsotse kamar sandar rake da aka gama sha. Aka ba ni wani ƙaton baƙin takalmi mai kaiwa gwiwa, mai maɗaurai, a cikinsa akwai tudun roba hawa-hawa a ƙarƙashin dunduniya. Abu Nasir ne ya saya, Allah ya saka masa. Aka tura ni sashen gashin ƙashi, wurin wani ɗan Filifin mai suna Rodel. Larabcinsa irin namu ne na titi, don haka muka fahimci juna.

Ya nuna mini cewa tudun nan shi ke ɗage dunduniya don bakin jijiyar biyu su haɗe ba tare da an ja su ba, kuma shi ne zai riƙa rage hawan da kansa sannu a hankali. Ya ce in kwana da takalmin, in tashi da shi, kada in taka ƙasa babu shi. Ba a cire shi sai wurin wanka a zaune, da wurin tamrin, wato motsa ƙafar da zai koya mini.

Tamrin ɗin farko har dariya ya ba ni. In kwanta in ɗaga ƙafar gaba ɗaya, in juya gefe in sake ɗagawa, in motsa yatsu. Bayan mako biyu ya ƙara mini. In shimfiɗa tawul in tattaro shi da yatsun ƙafa. In zauna a kujera in ɗaga dunduniya a hankali in sauke. Sannan ya ba ni wata jar roba mai faɗi, in rataya ta a tafin ƙafa, in riƙe bakinta biyu, in danna ƙasa kamar ina taka totur. Wurin dawowa ne yake sa ido. Sai ya sa tafin hannunsa a saman yatsuna, ya ce nan ne iyaka, kada ƙafar ta taso ta wuce nan.

“Baba, fi guwwa, mafi shadd,” haka yake cewa kullum. Ƙarfi ake nema, ban da ja.

Na riƙe tamrin ɗin nan kamar wuridi. Safe da yamma, ko na gaji ko ban gaji ba. Ina danna robar ina ganin kaina a kan titin makaranta. Rodel ya ce a cikin marasa lafiyarsa babu mai haƙurina, ya canza mini jar roba zuwa koriya mai tauri. Salla kuwa a ɗaki nake yin ta, a bakin gado, da takalmina.

Sai azumi ya kama.

Masallacin unguwarmu yana bayan gidanmu, ana jin numfashin liman a lasifika. Tunda na zo ƙasar nan ban taɓa yin azumi ba tare da jam'i ba. Kwana biyu na daure a ɗaki, a na uku na ɗauki sandata na fita sallar La'asar. A ƙofa na tsaya. Takalman mutane ga su nan a jere, nawa kuwa a ɗaure a ƙafa, kuma da shi na tako titi, da shi na shiga bayi. Na goge ƙasansa da tsumma, na shiga, na nufi ƙarshen sahu inda ake ajiye wa tsofaffi kujeru. Babu wanda ya ce mini uffan. Amma na ga mai sharar masallacin ya kalli takalmin, ya kalli kafet. Wataƙila tausayi ne ma yake ji. Ni dai na yi sallar ne ina jin kamar na shigo da jaki ɗakin Allah.

Ranar Juma'a Tanko ya zo muka tafi tare. Da muka fito ya riƙe baki.

“Bakano, ashe har ka shiga sahun masu kujera? Ko rumfa za ka buɗe a ciki? Ga kujera, ga takalmin soja, saura sikeli.”

“Bazazzagi ai bai san kujera ba sai ta aro,” na ce masa.

Muka yi dariya, ya tafi. Shi ya manta da maganar kafin ya kai mota. Ni kuwa ta zauna mini.

Washegari na kwance takalmin a ƙofar masallaci, na jingina shi a bango kusa da na mutane. Daga ƙofa zuwa kujera ba nisa, kuma kafet ne mai laushi. Na dogara da sanda, na taka a hankali. Dunduniyar da ta saba zama a kan tudu ta sauka har ƙasa, na ji wani ja a bayanta, ba mai tsanani ba. Na ce a raina, jijiya ce ke warwarewa. Mu a gida haka muka sani, gaɓar da ta daɗe a ɗaure sai an miƙe ta, in ba haka ba ta ƙage.

Bayan 'yan kwanaki na ga ai tunda na iya takawa zuwa kujera, zan iya tsayawa a sahu. Na tsaya. Daga tsayuwa sai ruku'u, daga ruku'u sai na ce wace irin salla ce cikin wata mai alfarma goshi bai taɓa ƙasa ba? Ranar da na fara sujada, na kafa yatsun ƙafa suna fuskantar alƙibla kamar yadda aka koya mana tun muna yara, hawaye ya zubo mini. Rabinsa daɗi, rabinsa zafi. Kowa ya san yadda ƙafa take a sujada da zaman tahiya da yunƙurin tashi. Ita ce daidai iyakar nan da Rodel yake tarewa da tafin hannunsa, kuma na wuce ta da dukan nauyin jikina. Haka na yi ta yi, salla bayan salla, har da asham, har da zaman buɗa baki a ƙasa. In na fito sai in mayar da takalmina, in ɗaure shi tsaf, in koma ɗaki in ɗauki koriyar roba, ina kiyaye iyaka.

Duk zuwan da na yi asibiti, Rodel sai ya tambaye ni ko ina cikin takalmi kullum. In ce masa kullum. Ban ɗauki kaina maƙaryaci ba. A ganina masallaci ba ya cikin tambayar, don wa yake shiga masallaci da takalmi? Kuma ban ga yadda zan kai maganar salla gaban wanda ba ya yin ta ba. Liman kuma ban ga yadda zan tare shi da maganar dunduniya ba. Sai tambayar ta faɗa tsakanin mutum biyu, kowannensu yana da amsarta, ban yi wa ko ɗaya ba. In ya ce akwai ciwo, in ce alhamdulillah, da sauƙi, kamar yadda kowane Bahaushe yake amsawa ko yana kan gargara.

Zafin ma ya daina zuwa kafin ƙarshen azumi. Sujada ta zama mini ruwan sha. Na kira Hajara na ce mata na warke, albarkar watan ce.

Bayan salla ƙarama aka zare tudun ƙarshe, Rodel ya ce yau za mu gwada ɗage a tsaye. Na dafa ƙarfe, na ɗaga dunduniya biyu. Ta hagu ta tashi, ta dama ta biyo ta da ƙyar. Ya ce in ƙara. Ya durƙusa yana kallo. Sannan ya kama tafin ƙafar ya tura sama, ta tafi sululu, har ta wuce inda lafiyayyar take tsayawa. Na yi murmushi, ina jiran yabo. Shi bai yi ba. Ya kwantar da ni ruf da ciki, ya lanƙwasa gwiwoyina biyu, ya daɗe yana duban yadda ƙafafun suke rataye. Ya fita ya kira likita.

Sun yi Turancinsu, sun yi Larabcinsu, ban kama komai ba sai kalmar tawil, dogo. Da na gaya wa Tanko, ya ce akwai wani likitan ƙashi ɗan Katsina, Dakta Mansur, da suke haɗuwa a masallacin Juma'a. Ya roƙe shi, mutumin ya ce mu zo gidansa. Ya duba ƙafar, ya sa ni na taka, sannan ya zauna ya tambaye ni yadda nake wuni, tun daga asuba. Ina kaiwa kan masallaci ya ɗaga hannu.

“A kujera kake yi?”

Na ce eh, da farko.

“Da takalmin?”

Na girgiza kai. Tanko ya sunkuyar da kai.

Dakta Mansur bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce ɗinkin bai tsinke ba, amma jijiyar ta warke da tsawo. “Malam Isyaku, ka san baka da tsirkiya. In tsirkiya ta yi sako-sako, komai ƙarfin maharbi kibiya a gabansa za ta faɗi. Tamrin ɗinka ya gina naman, amma igiyar da zai ja ta yi tsawo. Kuma jijiya in ta miƙe ba ta komawa da kanta.” Ya ce ana iya sake tiyata a rage ta, amma sai a koma farko, siminti da takalmi da watanni, kuma ba wanda zai yi mini alkawarin yadda za ta ƙare. Ya ce in ci gaba da tamrin, zan sami ƙari, zan yi tafiya, amma kada in sa ran ta koma kamar da.

A mota Tanko bai kunna rediyo ba. Muna kusa da Nasim ya ce, “Isyaku, wasa nake yi ranar nan.” Tunda na san shi ban taɓa jin ya kira sunana ba. Na ce na sani, ƙafata ce kuma hannuna ne ya kwance maɗaurin.

Sauran makonnin hutun na kashe su a jikin tagar ɗakina, ina dafe da ita ina ɗage. Da ƙafa biyu ina tashi. Da ta dama ita kaɗai, ko takarda ba za a zura a ƙarƙashin dunduniyar ba. Na koma baƙar roba, mafi tauri, na yi har gumi. Rodel bai taɓa ce mini ga abin da ka jawo ba. Da ya ji labarin masallacin sai ya dafa kansa, ya ce shekarunsa nawa a ƙasar nan, ya kamata a ce ya tambaya. Tun daga ranar kuwa na ji yana tambayar kowane mai takalmi yadda yake salla.

Liman ma na same shi daga baya. Ya ce, ya Ishaƙ, me ya hana ka zuwa tun farko? Ya ce da na sa wa takalmin leda ko babbar safa na shigo abina, na zauna a kujera, ladana cikakke. Ya ce Allah bai nemi goshina a ƙasa da farashin ƙafata ba. Duk abin da ya faɗa na taɓa jin sa a wurin karatu. Sanin yana nan, kunya ce ta zauna a kansa.

Ana saura 'yan kwanaki a koma makaranta, Abu Nasir ya miƙo mini makulli bayan La'asar, ya zauna a gefena. Muka zaga layukan unguwa. Totur ba matsala, kwana ba matsala, hannuna bai manta komai ba. Har na fara jin sanyi a raina. Muna kan wani layi da ba kowa, sai ya daki gaban motar ya ce, “Waggif!” wato in tsaya. Ƙafata ta kai kan birki a kan lokaci, amma da na danna sai na ji ba ƙarfi, kamar babu kowa a gidan. Sai da na turo da gwiwa da ƙugu. Motar ta tsaya, amma ta wuce durom ɗin sharar da yake nufi da kusan tsawonta.

Ya ce mu sake. Muka sake, ta ɗan fi. Ya ce wataƙila da sabo. Na san yana nema mini hanya ne. Amma ni na san ƙofar makarantar nan lokacin tashi, yadda yara suke fitowa daga tsakanin motoci ba sa duba ko'ina. Na kashe motar, na zare makullin, na miƙa masa. Na ce ba zan ɗauki 'ya'yansa da wannan ƙafa ba, ba zan kuma bi ta cikin 'ya'yan mutane da ita ba.

Na fara haɗa kayana. Hajiya ce ta hana. Ta ce mutumin da ya yi shekaru yana jiran ta a ƙofar asibiti ba za a sa shi a jirgi da ɗingishi ba. Aka bar ni a matsayin mai gadi da ban ruwan shuke-shuke, abin da ake ba ni ya ragu, abin da nake aikawa Bichi ya ragu, Hajara ta koma sayar da ƙuli. Aka kawo sabon direba, mutumin kirki ne. Ni nake buɗe masa get da safe ya fita da motar da na san kukan injinta fiye da muryar wasu 'ya'yana. Yaran suna ɗago mini hannu ta taga.

Har yau ina tamrin, ina kuma samun ɗan ƙari. Maganar tiyata ta biyu tana nan, ban yanke ba. Tanko yana zuwa duk Juma'a da tuwonsa, amma sai da na yi da gaske, na tsokane shi da Zage-zagi har sau nawa, kafin ya sake kira na Bakano. A masallaci kuwa babu wanda ya fi ni sauƙin sujada, ƙafar tana lanƙwashewa kamar ta yaro.

Ɗan'uwa, in an ɗinke maka agara aka ba ka takalmin nan, ka sa masa leda ka shiga da shi. Ka gaya wa mai gashinka yadda kake salla, da yadda kake tsugunno a bayi, da yadda kake zama cin abinci, ko shi wane ne. Ka yi tamrin ɗinka, amma ka sani abin da kake yi a sauran wunin ma yana shiga ƙafar. In an tambaye ka ciwo, ka gode wa Allah, sannan ka faɗi inda yake.

Farar kujerar roba ce na guje wa a ƙarshen sahu, ta wata ɗaya tak. Ga ni a kan irinta a bakin get, daga safe har yamma, a kanta ma na rubuta wannan. Allah ya ba marasa lafiya lafiya, ya ba su haƙurin zama lokacin da zama ne magani.